Sati Biyu na Jaz da Kayan Saƙo

Shekara goma sha tara na yi ina kaɗa jita da safa a cikinta. Safar ƙafa nake nufi, baƙa, wadda 'yar'uwarta ta ɓata a wanki. Nakan cusa ta ƙarƙashin tsirkiyoyi don sautin ya mutu, saboda gidan da muke haya a unguwar Bani Malik ta Jidda bangonsa bai fi kwali kauri ba, kuma maƙwabta da Ustaz suka san ni: tsohon malamin sakandare, mai fassara takardu a wani ofis a Bagdadiyya, wanda ake kawo wa wasiƙar asibiti ya karanta. Irin wannan mutum ba a jin kiɗa daga ɗakinsa. A inda na fito kiɗa gado ne, kuma ba a gidanmu aka gaje shi ba.

Jaz nake koyo. Ga wanda bai sani ba, kiɗa ne da mutum huɗu ko biyar za su ɗauki waƙa ɗaya, su kaɗa ta yadda aka san ta, sannan kowa ya faɗi tasa a kai nan take, sauran suna tallafa masa. Hira ce dai. Ni kuwa duk shekarun nan ni kaɗai nake hirar. Na wuce ɗan koyo, ban kai gwani ba, na maƙale a tsakiya kamar ɗalibin da ya haddace nahawu kaf, amma in an gaishe shi a kasuwa sai ya daburce. Na koyar da irinsu da yawa. Ban taɓa tausaya musu ba sai da na zama ɗaya.

Da haka zan ci gaba, sai hannun hagu ya fara gardama. Da safe ƙaramin yatsa ba ya lanƙwasa sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi. Likita ya murza, ya ce amosanin gaɓɓai ne, ba ya kisa. Na tambaye shi tsawon lokacin da ya rage wa yatsun. Ya ce, "Me kake yi da su, tiyata?" Na ce rubutu. Ya ce rubutu zai daɗe.

Ranar na fara neman sansanin koyo, wato inda manya ke taruwa sati ɗaya ko biyu, ba aiki, ba iyali, daga karin kumallo har magariba sai kiɗa tare da mutane. Wata huɗu ina haƙa a intanet lokacin hutun cin abinci. Abin da na gano shi ne duniya ba ta yi tanadi wa na tsakiya ba. Akwai sansanonin yara, masu neman sa hannun uba. Ni jika nake jira. Akwai na gwanaye, waɗanda sharaɗin shigarsu shi ne ka riga ka iya abin da za ka je koyo. Akwai na masu ritaya, inda hotunan teburin abinci suka ninka na aji. In kuwa na dace da wanda ya yi daidai da ni, sai ya zama a ƙasar da ofishin jakadancinta ke kallon koren fasfona kamar takardar sammaci. Na rubuta wasiƙu masu ladabi da Turancin da na tanada tun zamanin alli. Wasu suka amsa da fatan alheri. Ina da fatan alheri mai yawa a ajiye.

Daga ƙarshe na samu ɗaya a wani ƙaramin gari a Turkiyya: sati biyu, manya zalla, ajin 'yan tsakiya na mutum takwas. Suka ce in turo bidiyo. Na je ofis ranar Juma'a bayan an sauko, babu kowa, na zare safar, na kaɗa a tsakanin fayiloli. Sai a karo na bakwai na samu wanda ba na jin kunyarsa sosai. Suka karɓe ni. Malamin ya rubuto cewa ina da kunne, amma da ji ban taɓa kiɗa da kowa ba. Ban san yadda aka yi ya gane ba, kuma na yi kwana biyu ina jin haushinsa.

Hutuna duk shekara biyu yake zuwa. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya sa hannu a bizar fita da dawowa bai ko ɗago kai ba: "Yalla, halas." Iƙamata, takardar izinin zama, da sauran rai. Bizar Turkiyya ta fito. Saura sati uku.

Sai na yi abin da ya rushe komai, a bakin shagon telan da ke maƙwabtaka da mu. Bahaushen Sudan ne haihuwar Jidda, Hausarsa rabi Larabci.

"Ya Ustaz, na ji ijaza ta zo, ka samu hutu. Gida za ka?"

Mutum biyar ne a kan benci, duk suka juyo. Na auna jimlar da ya kamata in faɗa: a'a, Turkiyya zan je koyon kiɗa. Na ji nauyinta a bakin mai furfura. Na ce, "E, gida."

Wanda bai zauna Jidda ba ba zai gane abin da na jawo ba. A nan, mai takarda in zai je gida ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai mutanenmu da yawa da suka zo aikin Hajji ko Umra suka zauna, ba iƙama, in sun fita ba dawowa. Hanyarsu ta gida ita ce akwatin wani. Ba a tambayarka ko za ka ɗauka. Albarka ake sa maka a ajiye. Kafin kwana uku falonmu ya zama sito: dabino, abayoyi, turare, maganin ciwon ƙafa, wayar hannu a naɗe cikin zane, kowanne da lambar waya a jikin leda.

Maiɗakina, wadda ta san gaskiya, ta tsaya a tsakiyar kayan ta riƙe ƙugu.

"Malam, mutanen Turkiyya ne za su ci dabinon nan?"

"Zan mayar wa kowa nasa."

"Da wane bakin? Kai da ka kasa faɗa wa mutum biyar, yanzu gida goma sha ɗaya za ka bi?"

Na ce zan bi. Na ma tsara jawabin a takarda, da gabatarwa da kammalawa, kamar darasi. Na yanke in fara da mafi nisa, Mahjar, gidan wata tsohuwa da duk muke kira Inna, mai sayar da kuka da daddawa a bakin titi. Tun kafin in zo ƙasar take nan ba takarda. Ita ba ta kawo saƙonta ba tukuna, aikowa ta yi in je in karɓa, don haka na ga a wurinta abin zai fi sauƙi: ba kaya a hannuna, magana ce kawai.

Na same ta da la'asar a ɗakinta mai fanka ɗaya. Kafin in gama gaisuwa ta jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa.

"Ɗan nan, Allah ne ya kawo tafiyarka. Yayana ne a Kano, jiki ya ƙi. Mu biyu muka rage. Ya ce ba ya son komai daga wurina sai wannan."

Farin yadi ne, likkafani. Ta ce da kanta ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya a ɗaki don kada ƙura ta taɓa.

"Ba na ba wa 'yan kago, su jefa shi ƙarƙashin buhuna ya yi wata biyu a hanya. Hannu da hannu nake so. Ka ga fuskarsa, ka dawo ka faɗa mini yadda ya tsufa."

Jawabina yana aljihu. Na taɓa shi ta kan riga. Na ce, "Inna, wato, akwai wani ɗan bayani." Ta ce, "Na'am, ɗan nan?" tana ɗaure bakin ledar da haƙori saboda yatsunta sun riga nawa lalacewa. Na duba duk Hausar da na sani, da Larabci, da Turanci, ban samu jimlar da za a ce wa wannan matar ta riƙe likkafanin yayanta saboda ina da ajin kiɗa ba.

Na ce, "Adireshin nake so ki maimaita."

Washegari na rubuta wa sansanin. Suka amsa cikin ladabi cewa sun ba na gaba a layi gurbina, in sake nema wani karon. Na canja tikiti. A Kano na yi sati biyu a cikin a-daidaita-sahu ina rabon dabino. Yayan Inna ya karɓi yadin, ya kai hanci. Ban yi nadamar wannan yammacin ba. Sauran kwana goma sha uku kuwa, kowace safiya na san abin da mutum takwas suke yi a wani gari a kan dutse.

Da na dawo na biya shagon tela in kai masa kilishi. Benci babu kowa. Ya karɓa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Uwargida ta gaya wa tawa. Wallahi haram alaik, ya Ustaz. Me ya hana ka faɗa?"

Na ce ban san me yake nufi ba.

"Jitar mana! Kullu unguwa ta sani. Shekara nawa muna jin ƙwas-ƙwas-ƙwas ta bango, kamar kaza a kan faranti. Muna cewa miskin, ya saki abin nan ya yi ƙara mu ji ko ya iya. Kuma wani direba na Mahjar ya tafi Kano sati ɗaya bayanka, akwatinsa rabi ba kaya. Da ka faɗa, shi Inna za ta ba."

Na tsaya riƙe da ledar da babu komai a ciki. Ya ci gaba da taka kekensa.

Hutu na gaba sai bayan shekara biyu. Yanzu ƙaramin yatsan sai ya yi minti goma a ruwan ɗumi, kuma na kusa da shi ya fara koyi da shi. Na sake cike takardar sansanin tun kafin su buɗe karɓa. Bidiyon a falo na ɗauka, da rana, taga a buɗe, ba safa. A tsakiyar waƙar yatsan ya ƙi kaiwa inda na aike shi, ana kuma jin tela ta bango yana cewa, "Aiwa, ƙara!" Ban sake ɗauka ba. Haka na tura musu, kuma har yau ina duba waya lokacin cin abinci.