Sifika Shida a Ɗakin Abokina

Injin masaƙa ya cinye mini kunnen hagu. Da aka rufe masaƙar na koma gyaran rediyo a Barnawa. Ban yi boko ba. Waya nake bi da hannu har in gano inda ta mutu.

Abokina, wanda muka yi aikin zare tare, shi ke jan mawaƙa a cocinsu da ke Nasarawa. Ciwon suga ya tafi da idanunsa. Ya daina fita, ya daina waƙa, abinci ma sai an yi da gaske. Matarsa ta same ni a shago ta ce, "Malam, mutumin nan so yake ya kwanta ya ƙi tashi."

A kayan gwanjo na samu na'urar faifai da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da sifika shida, har da faifan mawaƙan wata coci ta Turawa. Mai kayan ya ce irin faifan nan kowace sifika da nata sautin. Na loda a keke, sai ɗakin abokina.

Na haɗa da siririyar wayar nan mai jan haske a baki, don na ɗauka ba abin da ya kai haske. Sifika biyu suka yi magana, huɗu suka yi gum. Na cire, na hura, na mayar. Haka dai. Ashe faifan ba ya sakin sautinsa duka ta wannan waya. Na sa waya mai faffaɗan kai da ake kira HDMI. Shidan suka ɗauka.

Na ɗora su wata kan wata a gaban abokina, yadda ake yi a gidan biki.

Ya ce, "Kai kurma, mawaƙan naka goyon juna suke yi?"

Rabon da ya zage ni har na manta.

Na ce, "To makaho, ina zan sa su?"

"A coci bango ne ke maido maka da murya ta ƙeya. Kai sifika biyu bayana. Ɗaga ta dama. Ƙara."

Yana nuni, ina buga ƙusa. Ni da kunne ɗaya ban san ta inda sauti ke zuwa ba, shi ya sani. Na sake kunnawa. Can hannunsa ya tashi, yana jagorantar mawaƙan da shi kamar suna ganinsa. Ya kama waƙar masu kaurin murya ya bi.

Da waƙar ta ƙare ya ce wa matarsa, "Akwai sauran tuwon nan?"

Ranar Lahadi ni na riƙe hannunsa har ƙofar coci. Daga nan na wuce na buɗe shago.