Ranar da Aka Jiƙa Mini Kolofon a Bokiti

Ina shekara ta uku a gidan Goggo a Tremont, wata unguwa a birnin New York, abin ya faru. Goggo ƙanwar babana ce, ita ta ɗauko ni daga Kano bayan na gama sakandare don in karanta aikin jinya. Na fara, sai wani darasin tarihi da aka wajabta mana a shekarar farko ya janye ni, har na shiga koyon Girkancin da can. A gida ban taɓa yin bayani ba, ba a kuma taɓa nema ba. In an tambaye ni karatu sai in ce lafiya, a ce madalla, a ci gaba da hira.

A zangon da ke ƙarewa cikin watan Mayu, farfesarmu, wata dattijuwa da ba ta cika yabo ba, ta ce kowa ya zaɓi birni ɗaya ya rubuta dogon nazari a kansa. Wannan nazarin shi ne dukan makin darasin. Kowa ya ruga manyan biranen da aka sani. Ni na ɗauki Kolofon, wani birnin Girkawa da kufansa ke yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. An san mutanensa da dawaki da son ado, har aka riƙa yi musu gorin turaren da suke shafawa a gashi. An ci su da yaƙi fiye da sau ɗaya, daga baya wani sarki ya kwashe da yawansu ya kai su wani gari. Sun yi mawaƙi da bai da aiki sai kukan tsufa, sun yi wani da ya zauna ya tsara waƙa a kan saran maciji da dafi. Kusa da birnin, a wani kwari da ake kira Klaros, akwai gidan gunkinsu. Can mai duba yake sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya sha ruwan wata rijiya, a fito wa masu tambaya da amsa a waƙe. Garuruwa masu nisa sukan aiko wakilai idan annoba ta afka musu, wakilan kuma su sassaƙa sunayensu a jikin dutsen ginin.

Abin da ya kama ni shi ne, wannan birnin dai shi ya haifi wani mai tunani da ya yi gudun hijira tun yana saurayi, ya tsufa yana yawo gari gari yana yi wa mutanensa dariya saboda suna ƙera gumaka da kamanninsu. Ya ce Ubangiji ɗaya ne, bai yi kama da kowa ba, duba kuma ƙarya ce. Gidan duban bai kai ganiyarsa ba sai ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. Tambayata ita ce: me ya sa maganarsa ba ta hana kowa zuwa Klaros ba? Don in amsa, dole in san su wa suka je, da abin da aka faɗa musu.

Rubuce-rubucen dutsen suna cikin wani tsohon littafi na Faransanci a ɗakin littattafan da ba a fita da su. Ba a ɗaukar hoto, ba a shiga da biro, sai fensir, sai kuma ka nemi rana tukuna. Mako tara ina zuwa duk Talata da Alhamis. Kowane rubutu na kwafe shi a ƙaramar takarda: Girkancin a waje, fassarata da lambar shafi a ciki. Sai in ninke ta huɗu don in riƙa gwada kaina a jirgin ƙasa ba tare da na ga fassarar ba. Na ɗaure na kowane yanki da zare, ja daban, baƙi daban, don kada su cakuɗe. Sun haura ɗari.

A falo nake kwana, ba ni da tebur ko durowa. Duk abin da na ajiye a fili sai in tarar an ɗora masa kwano. A lungun ƙofa kuwa akwai kwalayen jakunkunan mata da Goggo ke sayarwa a kan tebur a bakin titin Canal Street. Cikin kwalin ƙasa akwai wata jaka ruwan goro mai karyayyen hannu da ta shekara ba a taɓa ta ba. A aljihunta na ciki nake zuge takarduna. Wannan kuskurena ne, na yarda. Iyakarsa ke nan.

Ran Laraba, saura kwana biyar in miƙa nazarin, na dawo da la'asar na ji gidan yana ƙamshin turaren wuta. Goggo na zaune da carbi, fuskarta a sake kamar wadda aka sauke wa kaya. Mijinta, wanda muke kira Alhaji, direban tasi ne, yana ɗaura takalmi zai fita aiki.

"Zo ki zauna, 'yar nan," in ji Goggo. "Yau Allah ya tona asirin maƙiya."

Ta ce wata biyu ke nan kasuwa ta tsaya mata cak, mutane su ɗaga jaka su ajiye su wuce teburin gaba. Sai ta buga waya gida, aka haɗa ta da wani mai buga ƙasa, ya ce akwai rubutu a cikin kayanta, ta bincika. Da safe ta zazzage kwalayen kaf.

"Ƙulli bakwai! Da jan zare da baƙi. Rubutun kuwa ba na Musulmi ba, ba boko ba, wasu ƙugiyoyi kamar sawun kaza."

"Ni na buɗe ɗaya," in ji Alhaji. "A ciki an sa da Turanci, wai a haƙa rami a yanka baƙar tunkiya. Ga sunayen mutane jere. Na ce Hajiya, wannan ya fi ƙarfin direba."

Na san takardar da yake nufi. Amsa ce da aka ba wani gari da annoba ta kama. Kwana biyu na yi ina fama da fassararta.

Sun kai wa limamin masallacin unguwa, wani dattijo mutumin Kumasi. Shi dai ya faɗi gaskiya, ya ce bai iya karanta wannan rubutu ba. Amma ya ce abin da aka saba yi shi ne a kwance ƙullin ana karanta Falaƙi da Nasi, a jiƙa a ruwan da aka yi wa tofi, a zubar inda ba a takawa.

Na tashi na shiga banɗaki. Shuɗin bokitin wanki na cikin baho. Tun safe suke ciki, Goggo kuma ta sa hannu ta murtsuke su kamar mai dama kamu. Zaren na yawo a sama. Na tsoma hannu na ɗebo, babu ko ɗaya da ta rage takarda.

Ni mutum ce da ko a aji sai an kira ni nake magana. Ban taɓa ɗaga wa Goggo murya ba. Na fito da dunƙulen a hannu, ruwa na ɗiga a kafet, na ce, "Goggo, nawa ne. Aikin makaranta ne."

Alhaji ne ya fara magana.

"Kai! Ashe bokan a falo yake kwana."

Goggo ba ta yi dariya ba. "Naki? Ke kika rubuta a yanka baƙar tunkiya?"

"Kwafa na yi. Mutanen sun mutu tun kafin zuwan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tarihinsu nake karantawa."

"Tarihin matsafa? Na ɗauko ki daga Kano ki koyi allura, kin je kina kwafar maganar gunki kina cusa mini a kaya? In yayana ya ji me zan ce masa?"

"Da kin tambaye ni."

"In tambaye ki me? Wa zai ga ƙulli a kayansa ya tsaya tambaya?"

A nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Takardun sun bi hannun mutum uku. An buga waya har wata nahiya. An hau bas an je masallaci. Ni da nake kwana taku huɗu daga kwalin, ba wanda ya tuna da ni, alhali ina da waya a aljihu. Shekara uku ina rubuta musu jerin cefane, ina cike musu takardun asibiti da na gidan haya, amma Alhaji ya buɗe takarda ya karanta fassarata bai gane hannuna ba. Da baƙo ne ya kwana uku a gidan, da an tambaye shi ko ya ajiye wani abu.

Na ce, "Mutumin da nake rubutu a kansa cewa ya yi duba ƙarya ce. Ni ban je wurin mai duba ba, Goggo."

"Ki iya bakinki. Wancan malami ne, ba boka ba. Kuma ƙarya ya yi? Ya ce akwai rubutu, ga rubutu an gani."

Alhaji ya ɗauki makullinsa. "Hajiya, yarinya dai ta yi asara. A ba ta haƙuri."

"Haƙurin me? Gobe ta san inda za ta ajiye kayanta."

Akwai wata mata 'yar Maraɗi da teburinta ke kusa da na Goggo, mai sayar da gyale da tabarau. Kullum Asabar in na je taya Goggo tsaro sai ta ba ni rabin abincinta. Ita ce Goggo ta zarga da yi mata asiri, tun kafin a buɗe kwali ta daina amsa gaisuwarta. Asabar ɗin da ta biyo Goggo ta gaishe ta da fara'a kamar ba a yi komai ba. Matar ta amsa tana kallona, tana neman bayani a fuskata. Na sunkuyar da kai. Har yau ba ta san abin da aka ɗora mata ba, ba ta kuma san abin da ya wanke ta ba.

Ran Alhamis, washegarin jiƙa takardun, na sami awa uku a ɗakin littattafan, don ranata ce dama. Na kwafi goma sha ɗaya, hannuna har yana ƙagewa. Juma'a babu gurbi, ƙarshen mako a rufe. Na je ofishin farfesa na tsaya a bakin ƙofa har sai da ta ɗago ta gan ni. Na ce ina roƙon ƙarin lokaci, bayanaina sun lalace.

"Me ya same su?"

Tun a jirgi na shirya maganar. Amma da na dube ta, na tuna yadda 'yan ajinmu suke juyowa su kalle ni duk lokacin da aka ambaci tsafi ko hadaya, kamar ni ce wakiliyar abin. Na san da na faɗi gaskiya za ta tausaya, wataƙila ta ba ni mako guda. Na kuma san Goggo za ta zama labarin da za a ba wa abokai a wajen cin abinci. Ina fushi da ita ƙwarai, amma ƙanwar babana ce.

Na ce, "Sun jiƙe."

Ta cire tabarau ta ce ta yi mamaki, don ta ɗauke ni mai tsari. Ta ce wanda zai yi wannan aiki dole ya koyi kula da kayan aikinsa, kada ya ajiye komai kwafi ɗaya. Na ce to. Ta ba ni kwana biyu, amma a cikinsu ma ban sami gurbi a ɗakin littattafan ba.

Na rubuta nazarin da guda goma sha ɗayan nan da abin da ya rage a kaina. Na tuna garuruwa da yawa, na tuna cewa wasu sun riƙa aiko wakilai shekara bayan shekara, da ayarin yara masu rera waƙa. Amma ban da lambar shafi, kuma ba zan sa abin da ba zan iya nunawa ba. Duk inda na san gaskiya ce amma babu shaida a hannuna, na cire ko na sassauta. Sashen da ya kamata ya zama zuciyar aikin ya koma shafi ɗaya da rabi.

Da aka dawo mana da takardu na ga makina tsaka-tsaki ne, mafi ƙanƙanta da na taɓa samu a kwalejin. A gefen wancan shafi da rabi ta rubuta da jan biro cewa tambayar mai kyau ce, amma da alama ban ba rubuce-rubucen dutsen lokacin da ya kamace su ba. Na karanta a tsaye a baranda, na sake karantawa a jirgi. Da na isa gida Goggo ta tambaye ni sakamako, na ce na ci. Ta ce alhamdu lillahi, ai ta sa ni a addu'a, sannan ta miƙo mini albasa in yanka.