Baba Enoch da Hawan Orozo

Ni mai shayi ne a Orozo, kuma tun da na kafa tebur Baba Enoch ke kawo mini burodi daga Jikwoyi. Mutumin Kagoro ne, dogo, ba ya son raini. Kekensa irin mai faffaɗan sirdin nan ne, ba shi da canjin giya, yadda ka taka haka zai tafi.

Shekarun da farar hula suka dawo mulki, gini ya ɓarke ko'ina, leburori suka cika gari, burodin da yake ɗaurowa ya ninka. Sai gwiwa ta fara gardama. Hawan da ke gab da shigowa garinmu ya koma turawa, yana haki kamar ya yi dambe.

'Yarsa Rosemary, nas ce a Karshi, ta hango shi daga cikin bas. Ranar ta same shi a teburina, ta rantse in ta sake ganinsa yana tura keke, ƙauye za ta mayar da shi ya zauna. Wallahi na ji haushinta, ko da yake tausayi ne ya sa ta. Mutumin da bai iya zama ba, ka ce ya zauna?

Baba ya ja kekensa. Ya je ya sa aka ɗaura masa ƙaton farantin sarƙa a wajen feda, wai babba ai ya fi ƙarfi. Kai, abin ya ƙara tauri, ko rabin hawan bai kai ba. Muka yi masa dariya har ya yi fushi ya bar shayinsa.

Da ya huce sai ya gane ya juya abin ne. Ya mayar da tsohon farantin, ya sa firiwil, wato farantin sarƙa na ƙafar baya, mai yawan haƙora, aka ƙara wa sarƙa tsawo. A miƙaƙƙiyar hanya ƙafafunsa sai wulwulawa kamar tela, keken na rarrafe. Bai damu ba.

Rannan Rosemary ta sauka daga bas a gindin hawan, ta bi shi a ƙasa. Har ta wuce shi, ta tsaya a sama tana jira, ya iso da kaya niƙi-niƙi, yana zaune daram a kan sirdi.

Ta ce, "Baba, ai mai tafiya a ƙasa ma ya fi ka sauri."

Ya ce, "Ya fi ni, 'yata. Amma kin ga na sauka?"

Sai ta kama masa keken ya kwance burodina.