Irin Geron Malam da Gurbi na Biyar

Jama'a, ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, don haka abin da kuke karantawa bakina ne, hannun kuwa na 'yata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, kuma na ce mata ko wasali ta gyara ban yafe ba. Wallahi abin nan ya faru da ni shekarun baya, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Baure.

Mijina Malam ya rasu ana dab da faɗuwar damina. Har yau in na ambace shi sai hawaye, ga su ma yanzu, ku yi haƙuri. Yana da irin gero da ya gada wurin kakansa, mai saurin nuna, kowace kaka shi ke zaɓen zangarniya, ya sussuke, ya gauraya da toka ya ɓoye, tun shekarar da aka yi yunwa na daka masa rabinsa na yi wa yara fura. Ciwon ajalinsa bai bar shi ya faɗa mana inda ya ɓoye ba. Muka birkice ɗaki da rumbu, babu iri.

Yarinyar nan ta zo daga Daura taya ni zaman takaba, da kwamfutarta, tana yi wa wata ƙungiyar manoma aiki. Na tambaye ta me take ta dannawa, ta ce ita ba ta rubuta tambaya ko amsa, gurabe kawai take zana wa na'urar: suna, ƙauye, gona, abin da ake shukawa. Daga nan na'urar ke ƙera tambayoyin da wayoyin mutane za su aiko, da amsar da za ta mayar. Abin da ba a yi masa gurbi ba, in ji ta, ba shi da ƙofar fitowa.

Wata rana bayan azahar muna inuwar dalbejiya ta gwada da sunan mahaifinta, sai na ga ta janye hannu.

"Inna, gurbi huɗu na zana, biyar suka dawo."

Na ce ta karanta. Ta karanta: "Tulu mai tsagaggen baki, ƙarƙashin tsohon murhu. A ce wa Mai Rigima kada ta daka."

Ba wanda ya san Malam yana kirana haka, sai in mu biyu ne yake faɗa. Ta sake tambaya sau uku, huɗu ne suka dawo. Ta ce kuskure ne, na ce kuskuren ya ba ni fartanya. Na tona da hannuna, ga tulu, an liƙe bakinsa da laka. Na buɗe, ga irin nan a cikin tokarsa.

Ƙanin Malam ya ji labari ya zo. "Yaya, ke da ko baƙin allo ba ki sani ba, yanzu kwamfuta ce malaminki? Abin da ba a san wanda ya nuna shi ba ƙonawa ake yi. Ga irin zamani na kawo miki."

Na ce, "Wanda ya nuna ban san shi ba, amma wanda ya ɓoye shekara arba'in na yi da shi. Taɓa tulun nan ka gani."

Ya hana kowa shuka min. Ruwan farko na sauka na yi bisimilla na shuka a bayan gida, da takabata, ina kuka ina rufe rami da diddige. Geron ya yi, yanzu har jikokin ƙanin Malam suna roƙona irin.

Tun daga nan ni ke ɓoye irin, na canja masa wuri ban gaya wa kowa ba. Bara yarinyar nan ta bugo waya, ko gaisuwa babu, ta ce, "Inna, me tulu yake yi a ƙarƙashin turmi?"

Ban san mene ne ba, kuma ban ce Malam ne ba, Allah ya jiƙansa. Ni dai shawarata, duk abin da kuka ɓoye ku gaya wa iyalinku da bakinku tun kuna numfashi. Turmin kuwa ban ƙara daka a cikinsa ba.