Ni ne na zare rautar Habibu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina layin bas a Kubwa matar Habibu ta kira ni daga Zariya. Ya cika.

Shekarata goma sha ɗaya a Abuja, garin da ko gaisuwa sai an duba takalminka. Ban cika yabon kowa a nan ba. Amma Habibu dole in faɗa.

Maƙwabcina ne, mai gyaran kwamfuta. Shi ya rataye rauta, wato akwatin intanet, a barandar gidan hayarmu, ya haɗa mata ɗan batir, ya dasa bot a cikinta, wata 'yar manhaja mai aiki da kanta ba dare ba rana. Aikinsa ɗaya: in an kawo wuta ya sanar a guruf ɗin gidan na waya, in an ɗauke ya sanar. Kana cikin gari ka san ko za a iya tura ruwa tanki.

Na ce, "Injiniya, tsaranka na gina gidaje, kai kana koya wa akwati gulma."

Ya ce, "Oga Sani, gulmar masu wuta halal ce."

Wata Asabar soket ɗin ɗakina ya ƙone, ga ɗaurin aure. Na zare rautar daga soket ɗin baranda, na jona dutsen guga, na fita ban mayar ba. Bot ya sanar an ɗauke wuta. Maƙwabciyarmu Maman Joy, da ranar ita ce da kunna injin ruwa, ta gani ta yi zamanta a kasuwa. Alhali wuta na nan har la'asar. Da wutar ta tafi da gaske, kwana uku muka yi ba ruwa.

Guruf ya yi wa Habibu ca. Har da ni, na rubuta "Ai na faɗa."

Ya ba kowa haƙuri. Da muka haɗu a ƙofa sai ya dube ni ya ce, "Shaddar nan ta sha guga."

Shi ke nan abin da ya ce. Washegari ya zo ya gyara mini soket.

Ganinmu na ƙarshe a tashar Zuba, ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa zai koma gida. Ya leƙo ta taga: "Ka riƙa goge wa rautar ƙura. Guga kuma a ɗakinka."

Na yi dariya maimakon in ce ya yafe mini.

Ɗazu na rubuta gaskiya a guruf, shekara biyu a makare. Maman Joy ta amsa: "Oga Sani, ashe kai ne? Ka yi sa'a yau ba ranan faɗa ba ne."

Shi kam ba zai karanta ba.

Allah Ya jiƙan Habibu, Ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa mini a nan, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In da saura, a haɗa da ni.