Umma da Littattafan 'Ya'yan Mutane

Shekarar da na gama firamare, mai gidan da muke haya a Unguwar Dosa ya sake yin ƙari. Abba ya ce abin ya ishe shi, Katabu za mu koma. Sai ya zama ni ce matsalar. Shahararriyar sakandaren 'yan matan da yayyena suka yi, wadda jin sunanta kaɗai ke sa mutum ya gyara zama, ta yi wa Katabu nisa. Abba ya yanke a bar ni wajen ƙanwarsa a Unguwar Rimi, in riƙa zuwa gida da hutu. Na yi kuka har na gaji, don ban taɓa kwana uku ba tare da Umma ba.

Umma ba ta yi musu ba, ta ce dai a ba ta sati guda. Sakatariya ce a wata ma'aikatar gwamnati, kuma ba ta yarda da fayil sai ta ga wanda ya sa hannu na ƙarshe da ranar da ya sa.

Ran Litinin ta ja ni muka tsaya a ƙofar waccan makaranta mai suna, daidai lokacin tashi. Ko ofishin shugaba ba ta leƙa ba. Ɗalibai ta riƙa tarewa: "'Yata, ara mini littafin lissafinki in gani." Ni kuwa kunya kamar in nutse. Ta buɗe shafin ƙarshe, ta yi ta komawa baya tana neman inda malami ya duba aikin da jan biro. Littafi shida ta duba, kowanne sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta samu.

Ran Laraba muka je wata ƙaramar makaranta kusa da Katabu, ko fenti babu, ba wanda ya san da ita. Littafin farko jiya-jiya aka duba shi, malamar har ta rubuta a gefe cewa a sake lamba ta uku. Sauran ma haka.

Abba ya ce to me zai gaya wa abokan aikinsa? Umma ta ce ya je ya gani da idonsa. Ya je kuwa, da babbar rigarsa, ya tare 'ya'yan mutane. Da ya dawo sai ya tambayi inda ake ɗinka yunifom ɗinsu.

Sai da na girma na ce mata ai na gane, don kada a raba mu ta yi duk wannan. Ta harare ni.

"Ke dai. Da na ga jan biro a waccan, da kaina zan kai ki gidan gwaggonki, in dawo in sha kukana."