Albasar da Ta Gaskata Kakata

A Danwarai na tashi, kuma har yau in na tuna dalilin da ya sa Kaka Dije ta daina yi mana tatsuniya sai raina ya ɓaci.

Da an idar da sallar isha'i takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, mu kewaye ta. Wadda ta fi so ita ce ta Kaza, taurarin nan da ke cunkushe wuri guda. Wai shaho ke bin ta da 'ya'yanta, kullum tana matsawa yamma, sai ranar da ta ɓuya gaba ɗaya take aika wa hadari ya sako ruwan gaske. "Ku jiya, ɗiyana," in ji ta, "in kunka ga Kaza bisa, ko ruwa ya zuba kada ku taɓa iri. Ruwan ƙarya na." Da wannan gidanmu ke shuka gero.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba wasu malamai biyu suka zo makarantarmu, su koya mana sararin samaniya da hannunmu. Muka naɗe kwali, muka sa gilashi, muka leƙa wata da yamma. Washegari aka zana taurari a bango, aka miƙo mini albasa, wai duniya, na riƙa zagaya fitila, wai rana, da ita. Da fitilar ta shiga tsakanina da zanen, sai haskenta ya shafe shi. Na yi tsalle na ce ai ɓuyar Kazar kakata ke nan, na zayyana labarin duka. Babban cikin malaman ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce irin wannan shirmen tsofaffi ke hana ƙauye ci gaba.

Ni kuwa, wawa, dariyar na kwaso na kai gida. Tana soma zancen shaho na maimaita mata kalamansa a gaban yara. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, hak kai?" Ta yayyafa wa wutar ruwa, ta shige ɗaki. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, ba roƙon da ba mu yi ba, ba ta sake ba.

Sai da na girma na gane abin da na riƙe a hannuna ranar nan shi ne shaidarta. Ashe hasken rana ke ɓoye Kaza kowace shekara, daidai lokacin da damina ke kamawa. Malamin bai lura ba, don bai zo ya saurari kowa ba, kuma ban yafe masa ba. Amma haushin kaina ya fi. Ƙannena biyu sun tashi a gida ɗaya da ita ba su taɓa jin tatsuniya daga bakinta ba. Ni na hana su.